Yadda Ake Zaɓa da Sayen Mota ta Hannu Ba Tare da Cinikin Biri a Sama Ba

Mafi yawan waɗanda ke mallakar mota a garuruwanmu, daga Kano zuwa Kaduna, daga Katsina zuwa Sakkwato, ba sabuwa fil suke saye ba. Ko dai su sayi wadda aka hau a Turai ko Amurka sannan aka shigo da ita, wadda muke kira 'yar Kwatano ko Beljiyam, mutanen kudu kuma suke kira tokumbo, ko kuma su sayi wadda wani ya riga ya hau a nan gida. Kowace daga cikinsu tana da tarihi, kuma ba kasafai mai sayarwa yake karanto maka tarihin nan gaba ɗaya ba. Aikin mai saye ne ya tono shi da kansa tun kuɗi ba su bar hannunsa ba, domin mota ba ta cikin kayan da ake mayarwa cikin sauƙi bayan an ce an sallama. Jerin matakan da zan kawo yana da muhimmanci, saboda yawancin masu tafka asara sukan fara ne daga inda ya kamata su ƙare, wato su ga mota ta shiga ransu, sannan su koma neman hujjar sayenta.

Fara da lissafin aljihu da na buƙata

Kafin ka taka wurin masu sayar da motoci, ka zauna da takarda da biro ka raba kuɗin da ka tara gida biyu. Kaso mafi girma na sayen motar ne, ɗaya kason kuma na abin da zai biyo baya ne: la'adar dillali, rajista ko sauya sunan mai mota, inshora, juyen baƙin mai, tayoyi, batir, da gyaran da ba makawa sai ya ɓullo a watannin farko. A ganina, wanda ke da naira miliyan goma bai kamata ya nemi motar da ta wuce miliyan takwas ko takwas da rabi ba. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kan farashin mota shi ne za ka ga ya kafe ta a ƙofar gida an lulluɓe da tamfol saboda taya biyu sun gagare shi.

Daga nan ka tambayi kanka aikin da motar za ta yi. Ma'aikacin da zirga-zirgarsa ba ta wuce ofis da makarantar yara ba, ƙaramar mota mai filogi huɗu ta ishe shi. Mai iyali da yawa da ke zuwa ƙauye duk wata yana buƙatar mai kujeru bakwai irin Sienna ko Sharan, ko kuma mai tudu wadda cikinta ba zai riƙa gogar ƙasa ba a hanyar da damina ta zaizaye. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, shan mai ya tashi daga ƙaramar magana ya zama babbar magana, kuma mutane da dama da suka sayi manyan motoci masu filogi shida don burgewa sun dawo suna neman masu saye. Ka ƙiyasta tafiyar da kake yi a mako, ka tambayi masu irin motar da kake so nawa suke zuba mata, ka ga ko albashinka ko ribar kasuwancinka za su ɗauka ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba.

Idan kuɗinka bai kai ba kuma kana gudun riba, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz, suna da tsarin murabaha, inda banki zai sayi motar ya sayar maka a kan farashin da aka yanke, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ka dai tabbata ka san jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe kafin ka sa hannu.

Kasuwar kayan gyara ce ke zaɓa maka mota

Wannan mataki mutane ƙalilan ne suke yinsa, alhali shi ne ya fi kowane sauƙi. Ka rubuta sunayen motoci biyu ko uku da kake tunani, ka tafi Ƙofar Ruwa idan a Kano kake, ko Panteka idan a Kaduna kake, ka tambayi farashin abubuwa huɗu na kowace: inji, giya, fitilar gaba, da shokazoba. Motar da ka tambayi shaguna uku aka ce sai an aiko da kayanta daga Ladipo a Legas, ko ma daga ƙasar waje, to ka san ranar da ta lalace za ta yi makonni a gareji.

Abin da ya sa Toyota Corolla da Camry suke riƙe darajarsu ke nan, ba wai don sun fi kowace mota daɗin hawa ba, sai don kayansu na ko'ina kuma kowane bakanike ya san cikinsu. Pontiac Vibe ma ta samu karɓuwa ne saboda injinta na Toyota ne. Peugeot, wadda muke kira Fijo, tana da tsohon zama a Arewa tun da aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, shi ya sa har yanzu ake samun kanikawan da suka ƙware a kan 406. Amma kowace mota tana da nata ciwon. An san Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 da shan baƙin mai, kanikawa kuma za su gaya maka cewa Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 tana son a riƙa lura da ƙafarta ta gaba, domin idan aka yi sakaci taya takan karye ta kwanta ana cikin tafiya. Sanin ciwon mota ba dalilin gudunta ba ne, dalili ne na sanin inda za a fara dubawa.

Motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, shawarata ita ce ka bar ta ko da an karya maka farashi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, saboda haka motocin da aka ƙera don hanyoyin Ingila ko Japan sai an yanke an sauya musu sitiyari, kuma aikin da aka yi da walda a kan abin da ke riƙe da ranka ba abin amincewa ba ne. Ana gane su da dashbod da bai zauna daidai ba, da abin goge gilashi da ke kwanciya ta ɓangaren da bai dace ba.

Dillali da bakanike

Da wuya a sayi mota a wurinmu ba tare da dillali ba, kuma dillali na gari yana rage wahala sosai. Sai dai ka tuna cewa la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi ne zai nuna maka aibin mota ba. Ku yi maganar la'ada tun farko: nawa ce, kuma wa zai biya, kai ko mai mota. Ka kuma nemi sanin ko dillalai nawa ne ke tsakaninka da mai motar, domin kowanne yakan ɗora nasa a kan farashi.

Bakanike kuwa kai za ka zo da naka, wanda ka daɗe da sani, ka kuma biya shi ladan yininsa ko an saya ko ba a saya ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ne sirrin, saboda bakaniken da ya san sai an saya zai samu wani abu yana iya runtse ido ɗaya. Idan da hali ka haɗa da mai gyaran wayar mota wanda ke da na'urar binciken ƙwaƙwalwar mota.

Takardu kafin a buɗe bonet

Na sa takardu gaba da inji da gangan. Injin da ya lalace kuɗi ne ke gyara shi, amma motar sata ko wadda ba a biya mata kuɗin kwastan ba tana iya raba ka da motar da kuɗin gaba ɗaya, har ta kai ka ofishin 'yan sanda.

Kowace mota ta zamani tana da lambar cesis mai haruffa da lambobi 17, kuma a cikinsu ba a sa haruffan I da O da Q. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, sannan an buga ta a jikin ƙarfen motar. Ka karanta ta da idonka a duk wuraren nan, ka gwada da wadda ke cikin takardu harafi bayan harafi. Idan ka ga alamar an kankare, an yi walda a kewayenta, ko an sake fenti a daidai wurin kawai, magana ta ƙare, ka yi sallama ka tafi. Lambar tana kuma faɗin abin da dillali zai iya ɓoyewa. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J na Japan, W na Jamus, K na Koriya, 1 ko 4 ko 5 na Amurka, 2 na Kanada. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma yana nuna shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, C na nufin 2012. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin akwai masu sauya fitilu da bamba na tsohuwar mota su mayar da fuskarta ta sabon yayi su ƙara mata kuɗi.

Idan daga Amurka motar ta fito, ka sa lambar a intanet. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon Copart ko IAAI bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta cinye su, kuma sau da yawa hotunansu na ranar gwanjo suna nan. Rahoton Carfax, wanda ake biyan kuɗi kaɗan a samu, yana nuna haɗurran da aka rubuta da nisan tafiyar da motar ta yi. Ba kowace mai haɗari ce abar gudu ba. Wadda aka daka ta baya aka sauya but daban take da wadda gabanta ya murƙushe har jakar iska ta fashe. Abin da ake so shi ne ka sani, kuma farashin ya nuna hakan.

Sai takardar kwastan. Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, ta ce sai ta tashoshin jiragen ruwa, amma ba a daina fasa-ƙwaurinsu ba, kuma takardun jabu suna yawo. Kada ka wadatu da ganin takarda mai tambari. Ka ɗauki kwafinta da lambar cesis ka je ofishin kwastan a tabbatar maka cewa an biya, kuma na wannan motar aka biya. Idan ta gida ce, ka nemi takardar shaidar mallaka, lasisin mota, takardar da aka ba da lamba da ita, da rasit ɗin sayen farko, sannan ka dage sai ka ga mai sunan da ke jikin takardun ko wakilinsa mai rubutacciyar shaida. Motar gado tana buƙatar amincewar magada a rubuce. Yana da kyau kuma a duba rajistar motoci ta 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta.

Duba jiki da inji

Ka je da safe, rana ta fito sosai, kuma ka roƙa tun jiya kada a tayar da motar kafin ka iso. Da magariba ko a ƙarƙashin fitila kowane fenti kyakkyawa ne.

Ka tsaya daga kusurwa ka kalli gefen motar a kwance, za ka ga inda launi ya bambanta ko inda jiki ya yi tudu da kwari. Ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi, bonet da but, ko ta yi daidai hagu da dama. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe, amma yakan saki a inda aka cika da fila mai kauri. Ka ɗaga shimfiɗar but ka ciro safaya, domin a ramin nan ne ake ganin lanƙwasar haɗari da tsatsa. Motar da ta sha ambaliya kuwa hanci ne ke fara kama ta, shi ya sa turare mai yawa a cikin mota yake sa ni zargi. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai tabon ruwa, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ko ƙarafan sun yi tsatsa, ka tura hannu ƙarƙashin kafet ko za ka ji busasshen taɓo. Irin wannan mota ba ta daina ciwon waya har ta mutu.

Agogon tafiya ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, saboda ana mayar da shi baya. Ka gwada shi da yadda sitiyari, fedar birki da kujerar direba suka siɗe. Ka kuma lura cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga, kuma mil 120,000 ya haura kilomita 190,000. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa a zafin kwaltar bazara ko da zanenta bai goge ba.

Darasin inji mai sanyi na koye shi ne da kuɗina. Motata ta farko da la'asar na je ganinta, na tarar an wanke ta tana sheƙi, aka murɗa makulli ta tashi nan take ba ko tari, na biya a ranar. Washegari da asuba da na tayar da ita, sai ga shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, inji kuma yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Da na kai ta gareji, dattijon bakaniken ya zaro sandar gwajin mai, ya murza man a tsakanin yatsunsa, ya ɗago ya ce, "Malam, an zuba mata mai kauri ne don ya rufe bakin inji, kuma a ɗumame aka nuna maka ita. Da ka zo da ni, da hannu kawai zan ɗora a kan bonet." Sauya injin ya cinye kuɗin da na ware wa wasu buƙatun iyali na wata da watanni.

Saboda haka ka fara taɓa inji ka ji sanyinsa. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, idan ka ga abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, ruwa yana haɗuwa da mai. Ka duba ruwan lagireto ko mai yana yawo a kansa. Idan an murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole fitilun gargaɗi su kama duka, na inji da na birki da na jakar iska, sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwanta ne don ɓoye matsala. Ka koma baya ka kalli salansa ana taka totur: shuɗin hayaƙi inji na ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inji, baƙi kuma fetur ne ke zuba fiye da kima. A sa na'ura a karanta ƙwaƙwalwar motar, a kuma ɗaga ta ko a hau rami a duba yoyon mai, tsatsar ciki, da abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi, wanda ake yawan cirewa a sayar saboda tsadarsa.

Gwajin tuƙi

Zagaya layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka sayi mai da kuɗinka ku yi tafiyar aƙalla rabin sa'a, a kashe rediyo, ku bi cunkoso, ku bi hanya mai gargada, ku kuma hau babban titi inda za a sake ta. Giyar otomatik lafiyayya tana shiga ba fizga ba jinkiri, kuma wasu matsalolinta ba sa fitowa sai ta yi zafi, don haka ka sake gwada gaba da ribas bayan kun dawo. A mai giyar hannu, idan inji na ƙara amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Ka sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya ka ga ko tana ja gefe guda, ka taka birki da ƙarfi ka ji ko tana karkarwa. Ka kunna na'urar sanyaya ciki ka bar motar a tsaye na minti goma idonka na kan allurar zafi, domin motar da ke zafi a Disamba ba za ta kai Afrilu lafiya ba.

Ciniki, biya da rubutu

Ka keɓe da bakanikenka ya lissafa maka abin da gyare-gyaren za su ci, wannan lissafin shi ne makaminka wajen tayi. Kada ka nuna zumuɗi, kuma idan an ce albarka ka iya juyawa ka tafi, domin wanda ya ga mota uku ko huɗu iri ɗaya ya san farashin kasuwa, ba a yi masa barazanar cewa wani Alhaji na hanya da kuɗi a hannu. Kada ka tura kafin alƙalami a kan motar da hotonta kawai ka gani a Facebook ko WhatsApp, musamman wadda aka ce gwanjon kwastan ce mai araha, wannan tsohuwar hanyar damfara ce.

Ka biya ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke kan takardu ko na kamfanin da ya ba ka rasit, ba na yaron shago ba. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunayenku da adireshi, irin motar, launinta, lambar cesis da ta inji, farashi, kwanan wata da sa'ar da aka miƙa makulli, tare da sa hannun shaidu biyu da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Sa'ar tana da amfani saboda ita ce ke raba alhakin abin da aka yi da motar kafin ta zo hannunka. Idan akwai cikon kuɗi a rubuta ranar biyansa, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi, ko da tsakaninka da ɗan uwanka ne. Ka karɓi makullan duka da ainihin takardu, ba kwafi ba.

A makon farko ka je ofishin lasisin motoci na jiharka a yi rajista ko a mayar da takardu sunanka, a duba lafiyar motar a ba ka shaida, domin jami'an kiyaye haɗurra da na KAROTA a Kano ko KASTLEA a Kaduna ba sa karɓar uzurin cewa jiya ka saya. Inshorar da doka ta wajabta ta koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, tana kuma biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3. Ka yanke ta a kamfani mai rajista ko na takaful, wato inshorar Musulunci, ka tabbatar lambar motarka ta fito a rumbun bayanan inshora na ƙasa, saboda ta bakin titi sau da yawa takarda ce kawai.

Daga ofis sai gareji. A juye baƙin mai da matacinsa ko da an rantse maka jiya aka juye, a duba man giya, birki da filogi, idan kuma motar mai bel ɗin taimin ce irin 406, wato bel ɗin da ke daidaita juyawar sassan inji, a sauya shi tunda ba ka san ranar da aka sa na ciki ba. Ka adana ainihin takardar kwastan da yarjejeniyar ciniki a gida, ka sa kwafinsu a mota, sannan ka yi mako biyu kana zirga-zirga da ita a cikin gari kana duba ma'aunin mai da ruwa kowace safiya kafin ka ɗora iyali a kanta zuwa doguwar tafiya.